Shekarar da Aka Ce Babanku Ya Haukace

Wannan babin saboda Safiya na rubuta shi, amma ku duka ku karanta. Watan jiya gwaggon yaron da yake neman aurenta ta zo daga Bodinga gaishe ni. Ta sha fura, ta yaba tsabtar gida, ta yi ta kewaye-kewaye, sai da ta saka takalmi za ta fita sannan ta rage murya ta tambaye ni ko ciwon nan na mai gida ya taɓa fitowa ga wani cikin yara. Na ce wane ciwo? Ta ce ai na sani, wanda ya riƙa sa shi gudu a kan hanya. Na ce ta gaida gida. Safiya tana ɗaki, ta ji komai, kuma tun ranar ba ta ci abincin kirki ba. To yau zan faɗa muku abin da aka hana ni faɗa tun tana goye. Babanku bai taɓa hauka ba. Giya yake sha. Wanda yake son ya ajiye littafin ya yi salati, ya yi, sannan ya dawo, domin abin da ya biyo baya shi ne abin da na fi alfahari da shi a duk zaman aurena.

Ban rubuta da ka ba, sai da na nemi izininsa. Na same shi a zaure yana shafa man zafi a gwiwa, na gaya masa abin da matar nan ta ce da abin da nake shirin yi. Ya daɗe yana murza gwiwar kafin ya ɗago.

"Rubuta, Hajo. Amma kada ki ce ragon nan ya hi ni gudu."

Ragon ya fi shi gudu. Za mu zo wurin.

Ku manyan kun tuna lokacin da yake tuƙa babbar mota, yana ɗaukar albasa daga nan Shagari da kasuwar Bodinga zuwa Kurmi. Can ya koya. Daga baya ya ba ni labari cewa idan an sauke kaya, direbobi sukan zauna a bayan kasuwa tun daga la'asar suna jiran lodin dawowa, wani ya ce masa kwalba ɗaya tana sa barci bayan doguwar hanya. Kwalba ɗayar ce ta yi 'ya'ya. Dabarar da ya samo ta ɓoyewa kuwa, ko ni sai da na sara masa: ɗanyar albasa yake taunawa kafin ya shigo gida. Wa zai tuhumi direban albasa da warin albasa? Inna, kakarku, da take zaune tare da mu, har tausayinsa take ji, tana cewa ɗanta ya zama albasa saboda neman halal. Ni kuwa da nake kwana kusa da shi, na riƙa jin wani wari a ƙarƙashin na albasar, mai tsami, kamar ƙullun da ya kwana biyu a rufe. Ni 'yar Horo Birni ce, ban taɓa ganin kwalbar abin ba, ban san sunan abin da nake shaƙa ba. Amma na san ba daga gona ya fito ba. Ranar da na gane, ban gaya wa kowa ba. Wa zan gaya wa? A garinmu ba a faɗin wannan kalmar a kan mutumin da yake sahun gaba a masallaci.

Sai mota ta faɗi da shi a hanyar dawowa daga ɗauko kaya, albasa ta watse a rami, Allah ya tsare rai. Mai motar ya karɓe makulli. Aka ce taya ce ta fashe, kowa ya zo jaje. Ya dawo gida ya zauna, amma zaman na safe ne kawai. Da an sallame la'asar sai ya sa kaftaninsa mai kyau, ya fita bakin hanya ya shiga motar Sakkwato, wai neman aiki. Inna ta bi shi da addu'a har ƙofa. Ya dawo bayan an ci tuwo, bakinsa cike da albasa.

Safiya, tabon da ke diddigenki na hagu, wanda aka ce miki garwashi kika taka kina rarrafe, ba taka shi kika yi ba. Wata rana ya dawo da wuri, da fara'ar nan tasa ta ƙarya, ya sure ki yana cilla ki sama a tsakar gida, ni ina gaban murhu miya tana tafasa. Ƙafarsa ta goce. Na saki ludayi na cafke ki ta riga, amma diddigenki ya riga ya shafi bakin murhu. Kina ihu, shi yana zaune a ƙasa yana kallon hannuwansa. Inna tana bayan gida tana alwala. Na matsa kusa da kunnensa yadda ba mai ji sai shi.

"Ba ka ƙara ɗaukar ɗiyata sai ranar da bakinka ya bar warin albasa. Kuma ka san abin da nika nuhi."

Tun da muka yi aure, ranar ce ya fara sanin cewa na sani.

Washegari bai fita ba, haka kashegarinta. Ni na ɗauka shi ke nan, an gama, don ban san abin yana da haƙora ba. Jikinsa ya kama rawa har kofi ba ya tsayawa a hannunsa, gumi ya jiƙa katifa, ya fara ganin tururuwa suna fitowa daga bango, yana kakkaɓe su daga jikinsa yana ihu. Maƙwabta suka ji. Inna ta cika ɗakin da hayaƙi, ta aika aka karɓo rubutu, tana kuka tana cewa iska ce ta bi shi daga inda motar ta faɗi. Daga nan maganar hauka ta fara, tun kafin ya yi gudu ko taku ɗaya. Ni na matsa aka kai shi asibiti Sakkwato. Da na samu likitan shi kaɗai, na rufe fuska da mayafi na gaya masa gaskiya. Ya yi mini faɗa, ya ce wanda ya daɗe yana sha ba a yanke masa haka kwatsam a gida, da mun ƙara jinkiri da sai dai wani labarin. Suka riƙe shi kwanaki, suka ba shi magani, rawar jiki ta kwanta. Ranar sallama likitan ya tambaye shi wane lokaci ya saba sha. Ya ce bayan la'asar. Likitan ya ce magani ya yi nasa, amma la'asar za ta ci gaba da zuwa kullum, sai ya nemi abin da zai cusa a wannan gurbin, in ba haka ba abin zai dawo ya zauna a wurinsa.

Gaskiya ya faɗa. Da safe babanku mutum ne kamar kowa, yana gyara darni, yana ɗebo ruwa, yana wasa da ku manyan. Amma da liman ya yi sallamar la'asar sai ka ga wani ya shiga cikin rigarsa. Ya tashi daga zaure ya je bakin rijiya, ya dawo, ya zauna, ya miƙe. Gidanmu ba nisa da hanya, muna jin 'yan kamasho suna kiran Sakkwato, saura mutum ɗaya, kuma ina ganin kunnensa yana bin muryar. Ya gwada karatun Alƙur'ani, ya gwada carbi, ya gwada zama majalisa. Duk na zaune ne, abin kuwa a ƙafafunsa yake. Ina kallonsa yana kokawa da abin da ba na gani, kullum ana ɗan ƙara cin ƙarfinsa.

Ran nan sai na ga ya shiga ɗaki ya fito da kaftanin nan mai kyau. Bai kalle ni ba. Na san inda za shi, na kuma san in na tare ƙofa Inna za ta tambayi dalili. A lokacin Inna tana kiwon wani farin rago na layya, mai ƙaho a murɗe, wanda ta fi so fiye da wasu jikokinta. Har ta rasu tana cewa igiya ya tsinke. Ni na kwance shi, na buɗe ƙofar baya, na zuba masa tsintsiya a gindi. Ba wata hikima na yi ba, so nake kawai in ɓata wa babanku lokaci har motoci su ragu. Inna ta ɗora hannu a ka tana kiran Ummaru, Ummaru, ragona. Ba yadda ya iya, ya tattare kaftani ya bi shi.

Ragon ya keta bayan gari ya kama hanyar Lambara, ya faɗa gonaki. Ana gab da kiran magariba babanku ya shigo, ba rago, ba hula, ƙaya ta yage kaftanin, silifa ɗaya a hannu. Ragon sai da safe wani makiyayi ya kawo shi. Ya durƙusa bayan ɗaki ya yi amai, ya sha ruwan randa moɗa bayan moɗa, sannan ya kwanta a ƙasa warwas yana haki. Na tsaya a kansa ina jiran faɗa. Sai na ga yana dariya.

"Hajo, ban tuna ta ba. Tun daga ƙohwar gida har bakin fadama, ban tuna ta ba ko sau guda."

Washegari ba ragon da ya kwance. Da aka sallame la'asar ya ɗaure wandonsa da kyau, ya tsaya a ƙofa kamar mai shirin faɗawa rijiya, ya fita da gudu.

Ku da kuka tashi kuna ganin samari suna motsa jiki a bakin hanya da rigunan ƙwallo, ba za ku gane abin da wannan yake nufi ba a lokacin. Magidanci mai gemu da 'ya'ya ba ya gudu a garinmu. In aka gan shi yana gudu, to ko gobara ce, ko ɓarawo, ko wani ya faɗa ruwa. Ranar farko mutane suka bi shi da sanduna suna tambayar ina ɓarawon yake. Mai shayin bakin hanya ya bar tukunyarsa a wuta, masu ban-ruwan albasa suka yar da aikinsu suka tare gaba. Sai da suka yi nisa suka lura ba kowa a gabansa, ba kowa a bayansa sai su. Ya kai wata tsamiya da ke gefen hanyar Lambara, ya dafa ta, ya juyo ya wuce su yana haki yana yi musu sannu da aiki. Kafin a yi isha'i, duk Shagari ta ji cewa ciwon Ummaru direba ya tashi.

Na ce masa ko zai mayar da gudun da asuba, lokacin da ba mai gani. Ya ce da asuba ba ya jin komai, abin da la'asar yake zuwa, kuma a nan zai same shi. Ban ƙara kawo maganar ba. Na aika aka sayo masa kambas na gwanjo a kasuwar Bodinga, don silifa ta gama yayyanka masa ƙafa.

Ni ma lokacin nan cina yake. Yana fita sai in kasa zama, ina tunanin ko tsamiya ya nufa ko tasha. A makarantar firamare ta unguwarmu an buɗe ajin yaƙi da jahilci na matan aure, shi ma bayan la'asar, ni kuwa da ina ganin abin kunya ne mace da jikoki a hanya ta zauna a bencin yara tana a, ba, ca. Da na ga namiji ya yarda gari ya yi masa dariya, sai kunyar tawa ta zama ƙarama. Muka yi alkawari, shi gudu ni aji, ranar da ɗaya ya fasa ɗayan ma ya fasa. Duk harafin da kuke karantawa a nan, a wannan lokacin na koye shi, da ke Safiya a bayana kina jan mayafina.

Sau ɗaya ya fasa, kuma ba zan ɓoye ba, don ku san abin da ake magana a kai. An yi rasuwa a dangin matar Baffanku Alhaji Bello, yayansa da ke Bodinga, babanku ya je zaman makoki. La'asar ta same shi a tsakiyar dattawa, ya ji nauyin ya miƙe a gabansu ya kama gudu a garin da ba nasa ba. Ya ce bari ya daure yau ɗaya. Daga Bodinga zuwa Sakkwato kuwa ba nisa. Ya dawo da warin albasa. Ban yi ihu ba, na ɗauke Safiya muka koma ɗakin Inna muka kwana. Washegari ban yi shirin aji ba, na zauna a tsakar gida da littafina a cinya yadda zai gan ni. Da la'asar ta yi ya fito, idanunsa jajaye, ya ɗaura kambas ɗinsa, ya ce in tashi in tafi, malama tana jira. Daga ranar muka san ko rana ɗaya ba za a fasa ba. Ya yi gudu cikin zafin bazara da kaji ke buɗe baki, ya yi cikin ruwan sama, ya yi ranar kasuwa da mutane cike da hanya. Da azumi ya riƙa ja da lokacin kusa da shan ruwa, yana tafiya sassarfa, leɓɓansa a bushe, amma sai ya dafa tsamiyar nan. Yara suna binsa suna waƙa, manya suna kau da kai don tausayi, wanda ya fi waƙar ciwo. Bai taɓa tsayawa ya yi wa kowa bayani ba.

Inna ce ta kasa jurewa. Ba na zarginta, uwa ce, kuma abin da ta gani shi ne ɗanta da ya ga tururuwa a bango yanzu yana tsere da iska. Ta aika wa Alhaji Bello. Shi ya riƙe babanku tun rasuwar mahaifinsu, shi ya kai shi koyon mota, maganarsa a gidan nan ba a mayar da ita. Wata Laraba bayan azahar ya iso da mota da wasu ƙarti biyu daga cikin masu yi masa dako. Da na kai ruwa na hangi igiya a ƙarƙashin kujerar motar. Ashe ya riga ya gama magana da wani malami a wani ƙauye, mai karɓar masu taɓin hankali, yana sa musu mari a ƙafa watanni yana yi musu magani.

Suka zauna a zaure. Da aka kira la'asar Alhaji ya ce a nan za su yi jam'i, ba sai an je masallaci ba, kuma bayan sallama ƙartin nan suka koma bakin ƙofar waje suka zauna, kamar iska suke sha. Ni ina bayan ƙofar cikin gida ina leƙe, Inna tana zaune a dokin ƙofar da carbinta. Alhaji yana magana a hankali, da lallashi, wallahi da ƙauna. Yana cewa ba abin kunya ba ne, kowa da jarrabawarsa, ɗan lokaci ne a sha magani a dawo. Ni kuwa gwiwar babanku nake kallo. Ta fara kaɗawa. Gumi ya tsattsafo masa a goshi, yana murza tafin hannu a cinya, yana kallon ƙofa. Daga bakin hanya ana kiran Sakkwato. Alhaji ya ga haka ya kalli Inna, irin kallon kin gani ko. A gabansu alamar ciwo ce. Ni na san mene ne. Na kuma san in aka ɗaure ƙafar nan wata da watanni, ranar da aka kwance ta ba tsamiya za ta nufa ba.

Na sa hijabina, na ɗauki kambas ɗinsa, na tsallake Inna na shiga zauren maza, abin da ban taɓa yi ba. Na ajiye takalman a gabansa.

"Hajo," in ji Alhaji, "maza na magana."

"Na ji, Alhaji, ka gafarce ni. Lokacinai ya yi."

"To ashe ke ka ɗaure mishi gindi. Mijinki na tsere awa yaro, ke kina miƙa takalmi."

Na juya wajen babanku.

"Malam, in sunka sa ma mari, kai ka san abin da za ka nema ranar da anka kwance ka. Hwaɗa musu. In ba ka iyawa ni ina iyawa, amma na hi son ta hito bakinka."

Ya kalle ni kamar na ɗora masa wuƙa a wuya, kuma haka ne na yi. Sannan ya kalli uwarsa. Na sha ganin mutane suna abin da ake kira jarumta, na ga wanda ya shiga rijiya ya ciro yaro, amma ban taɓa ganin abin da ya kai wannan ba. Ya sauka daga kan tabarma ya durƙusa a ƙasa, ya cire hularsa ya ajiye.

"Yaya, Inna, hankalina lau. Giya nika sha, shekara da shekaru. Ita ta kada mota, ba taya ba. Ita ta ƙona ƙahwar Safiya. Na bari. Gudun ga da kuka gani, shi ka hana ni komawa."

Carbin Inna ya tsaya. Ƙartin nan biyu suka sunkuyar da kai kamar su aka kama. Alhaji ya ce su je mota su jira shi, ya kuma gargaɗe su cewa ba su ji komai ba. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, ta dafa bango ta miƙe ta shige ciki. Da Alhaji ya buɗe baki, tambaya ya yi, wa da wa suka sani. Babanku ya ce ni da likita.

"To nan za ta tsaya. Hauka daga Allah take, ba a zargin kowa da ita, kuma ana warkewa. Wagga kuwa in ta hita, ba kai ɗai za ta ɓata ba. Muna da ɗiya mata da za mu aurar. A bar gari ya ce ciwo na, ya yi sauƙi."

Na buɗe baki zan yi magana, babanku ya ɗaga mini hannu. Ya ce ya yarda, a kira shi duk abin da aka ga dama, in dai za a bar masa ƙofa. Ya jawo takalman ya ɗaura a gaban yayansa. Ya miƙe.

"Yaya, ka yi haƙuri, rana na tahiya."

Ya fita. Alhaji ya bi shi zuwa bakin ƙofa ya tsaya yana kallo har ya sha kwana. Ba tare da ya juyo ba ya tambaye ni ko kullum haka yake yi, cikin wannan zafin. Na ce kullum. Ya sa hannun riga ya share fuska, ya shiga mota ba sallama. Bayan sati ya aiko da sababbin takalman gudu a cikin leda, ba saƙo ko ɗaya.

Kada ku ɗauka an ci wannan a banza. Inna ta ɗauka cewa ni na tuɓe ɗanta a gaban 'yan dako. Ta daina cin abincin hannuna, sai dai ɗiyar maƙwabta ta dafa mata, kuma sai a ciwonta na ƙarshe ta yarda na ba ta kunu a baki. Ban taɓa ba ta haƙuri ba, don ban ga laifin da na yi ba, amma na yi mata hidima har aka rufe ta. Babanku kuwa ya ɗauki sunan da aka ba shi ya rataya. Ba a ƙara tura shi gaba ya ja salla ba ko liman ba ya nan. Ba a kiransa shaidar ciniki ko ta gona. Ranar ɗaurin auren ɗiyar ƙanensa, bayan rasuwar Alhaji, shi ya kamata ya yi waliyyi, aka tsallake shi aka ba wani. Ku manyan kun sha dambe a makaranta saboda an ce muku 'ya'yan mahaukaci, kuna dawowa da riga a yage ina wanke muku ciwo, harshena yana ƙaiƙayi, alkawari ya ɗaure shi. Ya koma noman albasa a fadama, yana shukawa yana sayarwa, amma har yau ba ya cin ɗanyarta, ko a kan tsire sai ya tsince.

A ranar zauren nan, ana kiran magariba ya shigo. Ina gaban murhu, ke Safiya kina bayana. Ya tsaya nesa kamar yadda ya saba tun ranar da na hana shi, yana yi miki wasa da yatsu daga can. Watanni ke nan bakinsa tsaf, amma tsoro ya hana ni sakin ki. Na tashi na je har gabansa, kusa sosai, na shaƙa. Gumi ne da ƙura, sai ɗan warin ganyen tsamiya a tafin hannunsa. Na kwance zanen goyo na miƙa masa ke. Ya ce jikinsa duk gumi. Na ce na sani. Ya karɓe ki da hannu biyu kamar an ba shi ƙwai a faranti, ya zauna a kan turmi, ya juya diddigenki yana kallon tabon, har aka idar da salla bai motsa ba. Sai daga baya ya tashi ya yi tasa.

Inna ta rasu, Alhaji Bello ya rasu, Allah ya jiƙansu, ya sa sun huta. Alhaji ya zaɓi hauka don kada auren ɗiya ya lalace, ga shi yau haukar ce ta zo har tsakar gidana ta sha fura tana tambayar ɗiyata. Saboda haka Safiya, ki ba yaron nan wannan babin ya karanta, ya kuma karanta wa gwaggonsa, da ni a wurin in tana so. In sun ce sun fasa saboda babanki ya taɓa sha, su tafi, ba gidan zamanki ba ne. Amma ba wanda zai ƙara rage murya a kan mutumin nan a gabana.

Ga shi an kira la'asar ina kan rubutu. Gwiwa ta hana shi gudu yanzu, likita ma ya hana, sai tafiya da sanda. Tsamiyar tana nan, an yi shagon faci a gindinta, masu facin sukan ba shi benci ya huta kafin ya juyo. Ina jin ƙwanƙwasar sandarsa a zaure, yana neman hularsa, yana tambaya ko na sa maganar ragon. Na ce na sa. Ya ce Allah ya isa, ya fita.